Jirage Biyu da Ba Sa Cikin Jadawali

Duk matashin da ya shigo ofishina a hawa na tara a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, ya ga kalanda uku a bango da allon kwamfuta cike da 'yan hotunan jiragen ruwa, tambaya ɗaya yake yi: "Baba Habu, har yanzu akwai mai zuwa wurinka yankar tikiti? Ai ga waya." Ba na musu da su. Waya tana yankar tikiti, ta ma fi ni sauri. Sai dai tikiti shi ne ƙaramin ɓangaren aikina. Babban ɓangaren shi ne sanin su wa za su riga ka isa inda za ka, ƙarfe nawa za su iso, kuma ta wace ƙofa za su shigo. Masu waccan tambaya nake yi wa wannan bayani.

Tikitin farko da na yanka a garin nan na jirgin ƙasa ne, na wani ɗan kasuwa mutumin Yamai da ke son zuwa Yiwu ya duba kaya. A lokacin ban daɗe da barin gidan rediyo ba, inda na yi shekaru ina karanta labaran rana da sanarwa, kuma ina koyon aiki a teburin Hajiya Memuna, Bahaushiyar zangon Kumasi wadda ta riga yawancinmu zuwa Guangzhou. Na samo wa mutumin kujera a jirgin safe, na rubuta masa lambar tarago, ina jin na iya. Abin da ban duba ba shi ne saura kwana biyu sabuwar shekarar Sinawa. Ya yi wuni guda a tasha a tsaye, da ƙyar ya shiga jirgin, ya isa Yiwu ya tarar kowace masana'anta da kwaɗo a ƙofa.

Hajiya Memuna ba ta ɗaga murya ba. Ta kai ni gaban bango ta ce, "Malam mai rediyo, karanta mini."

Na ce, "Kalanda ce, Hajiya."

Ta ce, "Guda uku ne. Kai ɗaya ka karanta."

Kalanda ukun nan su ne kayan aikina na farko, har yau kuma ban sauke su ba. Ta Sinawa tana gaya maka ranar da ƙasar gaba ɗaya za ta tashi zuwa gida, da makon hutun farkon Oktoba, da lokutan babban baje koli da otal ke ƙarewa a garin nan. Ta Musulunci tana gaya maka yaushe kujerun jiragen da ke bi ta ƙasashen Larabawa za su cika da masu umara da alhazai, da yaushe mutanenmu ke rububin komawa gida da kayan salla. Ta Turawa kuwa tana gaya maka ranar da makarantunsu ke rufewa. Shekara uku na yi a teburin Hajiya kafin ta bar ni na yi magana da baƙo ba tare da tana saurare ba.

Maganar tsibiri ta shigo aikina ne ta hannun Chen, mai ɗaukar hoton amare da shagonsa ke ƙasan namu. Sinawa masu shirin aure suna son a ɗauke su hoto a Santorini, wani tsibirin Girka a Bahar Rum mai fararen gidaje a kan dutse da coci-coci masu shuɗin rufi. Chen yana neman wanda ke jin Turanci, mai haƙurin magana da masu masauki a waya, sai Hajiya ta tura ni. Sau biyu na bi shi can, sau ɗaya a watan Mayu, sau ɗaya a Agusta. Shi yana ɗauke da kyamara, ni ina ɗauke da littafi da agogo.

Abin da na gano a tafiyar Agusta shi ne cunkoson tsibirin yana da lokaci kamar shirin rediyo. Manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido suna tsayawa a tsakiyar ruwa da safe, kowanne ɗauke da dubban mutane. Ƙananan jirage su kwaso su zuwa gaɓa. Wasu a zuba su a motocin bas, wasu a kewaya da su ta ruwa, amma dukansu wuri ɗaya suka nufa: ƙaramin garin da ke ƙarshen arewa, wanda hotonsa ke ko'ina. Garin kuwa babban lungu ɗaya gare shi, a wasu wuraren mutum uku ba sa jerawa. Na tsaya da agogo na auna: daga tsayawar jirgi zuwa isowar bas ta farko, awa ɗaya da kwata. Na ƙirga taku daga filin ajiye motoci zuwa kowace kwana. Na rubuta ƙofofin da ke buɗewa cikin lungu da waɗanda ke kaiwa farfajiya. Chen yana yi mini dariya, wai na zo aikin safiyo. Daga baya na gane cewa tashar tsibirin tana fitar da jadawalin jirage tun watanni kafin su zo, kuma allon da wakilan kaya na Xiaobei ke bin kwantenoninsu da shi yana nuna jiragen fasinja ma. Na sa shi a kwamfutata.

Shekarun annoba sun kusa kashe sana'ar. Jiragen sama suka tsaya, benen namu ya zama kango, Hajiya Memuna ta tattara ta koma Kumasi ta bar mini teburin da kalandun. Aikin da ya rage shi ne neman kujera ɗaya tak ga wanda ya maƙale yana son komawa gida, a soke ta, a sake nema. Da yawa daga abokan aikina sun koma sayar da wayoyi. Ni ban rufe ba. Kowace safiya nakan buɗe allon in duba tekun Girka babu jirgi ko ɗaya, in aika wa masu masauki da direbobin can gaisuwa, don kada lambata ta ɓace daga wayoyinsu. Da aka buɗe hanya, waɗanda na gaisar a lokacin da babu abin da zan kawo musu su ne suke ɗaukar wayata a bugu na farko.

Aikin da na fi son ba ku labarinsa ya zo ne bayan haka, a hannun Alhaji Ilo, mutumin Maraɗi mai safarar kayan babura. Ni Bahaɗeje ne, shi Bakatsinen Maraɗi, saboda haka ba ma gaisawa sai da tsiya. Ya shigo wata ranar Yuli ya ajiye fasfo biyu a teburina.

"Bahaɗeje, ga aiki na rage maka. Biza ta hito, tikiti na yanka da kaina a waya. Masauki kaɗai za ka nemo muna, ni da Hajiya."

Na buɗe fasfo. Santorini, kwana biyar, tsakiyar Agusta.

Na ce, "Alhaji, wa ya zaɓa maka watan nan?"

"Ni na zaɓa. Agusta ai babu kowa. Baje koli ya wuce, na gaba bai zo ba, masana'antu na barci, otal wayam. Shekara nawa ina garin nan, kai za ka koya mini?"

"A Guangzhou ke nan. Can kuwa Agusta shi ne sabuwar shekarar Sinawa da baje koli da jajibirin salla a haɗe."

Ya daina dariya. Sai ya gaya mini abin da ban sani ba. Shekarun baya matarsa, Hajiya Rabi, tana cikin kasuwa a gida wani ya yi ihun gobara. Mutane suka ruɗe, ta faɗi, aka tattake ta, haƙarƙarinta biyu suka karye. Ƙashi ya warke, amma tun daga ranar in mutane suka matse ta numfashinta yake ɗaukewa, har ta taɓa suma a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a nan. Shekara biyu tana zaune tare da shi a unguwar Dengfeng a nan Guangzhou, ba ta fita sai da sassafe. A watan Satumba za ta koma Maraɗi gaba ɗaya. Abu ɗaya ta taɓa roƙonsa, ya kai ta garin nan mai fararen gidaje da take gani a tagar shagon hoton amare. Biza kuwa kwanakinta a rubuce suke, samun wata zai ɗauki watanni.

Ya ce, "To mi za a yi? In ce mata an fasa?"

Na ce, "Ba ni kwana biyu."

Ga yadda na tsara. Ban sa su a jirgin ruwa daga Atina, babban birnin Girka, ba, domin tashar jiragen ruwan tsibirin wuri ne da ake sauke ɗaruruwan mutane a lokaci guda; na canza musu zuwa jirgin sama na farko da safe. Masauki ban nema a bakin dutse inda kowa ke so ba. Na samo musu gida a wani ƙauye da ke kan tudu a tsakiyar tsibirin, mai farfajiya da kurangar inabi, inda bas ba ta kwana. Na ɗauki direba guda na kwana biyar. Na nemi a ba matar Alhaji keken marasa lafiya a filayen jirgi, domin mai keke ba ya bin layi. A nan ne muka yi karo da Hajiya Rabi da kanta, ranar da Alhaji ya kawo ta ofis.

Ta ce, "Malam, ni ba gurguwa ba ce. Da ƙafata na zo duniya."

Na ce, "Hajiya, ba don ƙafarki ba ne. Kujerar ita ce ƙofar baya."

Ta dube ni, ta dubi mijinta. "In ƙofa ce, na yarda. Amma kada wanga mutum ya ɗauke ni hoto a kai ya aika Maraɗi."

Sauran shirin ya dogara ne ga abin da muke yi kullum ba tare da mun ɗauke shi komai ba. Bature mai hutu ba ya tashi da asuba, mu kuwa dole mu tashi. Na rubuta musu: a yi salla, a sha shayi, a shiga mota, a isa wurin da za a gani kafin rana ta fito, a bar shi kafin ƙarfe tara. Da rana a zauna a farfajiya. Faɗuwar rana, wadda dubban mutane ke cinkushewa a garin arewa don kallonta, a kalle ta daga saman ƙauyensu, rana ɗaya ce. Kwana uku na farko sun tafi daidai da takarda. Alhaji yana turo mini hotunan lunguna babu kowa sai kyanwa, yana rubuta, "Ina mutanen da ka ce, maƙaryacin Haɗeja?"

Rana ta huɗu ita ce babbar rana. A jadawalin tasha babu jirgi ko ɗaya a ranar, abin da ba kasafai ake samu a Agusta ba. Don haka na ware ta ga garin arewa, na ce su zauna har azahar, su ci abinci a can, na kuma sallami direba ya yi wasu ayyukansa a kudu ya dawo ɗaukar su. Kuskurena ke nan, kuma ina faɗa muku shi don ku riƙe: na karanta jadawali, ban karanta iska ba. A wannan watan wata iska mai ƙarfi takan taso daga arewa a tekun, ta hana jirage tsayawa a wasu tsibirai, sai kyaftin ya juya ya nufi inda ruwa ya fi kwanciya.

Guangzhou tana gaban tsibirin da awa biyar. Ƙarfe sha biyu da rabi a nan, ina cin shinkafa a teburina, na ɗaga kai na ga manyan jirage biyu da ya kamata su tsaya a wani tsibiri can arewa sun karkato kudu. Na ajiye cokali. Na duba saurinsu da nisan da ya rage: za su tsaya ƙarfe takwas da rabi agogon can, bas ta farko za ta sauke mutane ƙarfe goma saura kwata. Na kira direba. Yana ɗauke da wasu zuwa filin jirgi, ba zai iso ba sai goma, wato zai shigo a tsakiyar jerin bas a hanya ɗaya tilo. Tasi a tsibirin sai an yi sa'a. Tashar motar haya kuwa tana daidai inda za a sauke jama'a. Duk hanyar fita tana bi ta cikin abin da muke gudu.

In ba za a iya fita ba, sai a shiga ciki. Na tuna Chen yana can, domin a wannan watan yakan kama hayar wani gida mai baranda a bayan ƙofa mai kulle, inda yake ɗaukar amarensa. Na kira shi.

"Loban Chen, maigida, ina neman kujera biyu a barandarka, daga yanzu zuwa la'asar."

"Meyo, meyo! Babu wuri, Habu. Amare uku gare ni yau, ga masu kwalliya, ga riguna ko'ina."

"Jirage biyu suna zuwa."

"Yau babu jirgi."

"Duba teku nan da rabin awa."

Ya zagi iska da yarensu. Ya ce, "Su wane ne?"

"Dattijo da matarsa. In taro ya rufe ta, za ta faɗi."

"Ka ce su buga ƙofa sau uku. Kada su taka mini rigar amarya."

Sai na kira Alhaji. Yana zaune a kan wata katanga yana jiran a buɗe wurin shan shayi.

"Alhaji, ku tashi yanzu. Jirage biyu sun juyo."

"Kai Bahaɗeje, tsoro gare ka. Ga teku nan gabana kamar faranti, ko kwalekwale babu. Na yi wa Hajiya alkawarin shayi a wanga wuri, sai mun sha."

"Alhaji, ba wasa nake ba."

Na ji motsi, sai muryar Hajiya Rabi. Ta karɓe wayar.

"Malam, minti nawa gare mu?"

"Kafin jama'a, kusan awa biyu. Amma ina so ki kasance a zaune a ciki tun kafin ki ji hayaniyarsu."

"To faɗi hanya. Alhaji, ɗauko jakar."

Na buɗe tsohon littafina. A rediyo an koya mana cewa in labari ya yi zafi, murya ta yi sanyi, kuma kada ka ba mai sauraro abu biyu a jimla ɗaya. Haka na yi. Ku sa teku a hannun hagu. Ku yi taku ɗari da arba'in. Za ku ga coci mai ƙararrawa a jere. Ku wuce shi. Lungu na biyu a hagu, matakala goma sha ɗaya zuwa ƙasa. Tana ƙirgawa da ƙarfi ina ji, Alhaji yana bayanta yana mita wai an mai da shi ɗan dako. A mataki na sha ɗaya ta ce, "Ga ƙofa." Na ji bugu uku, na ji muryar Chen yana gaishe ta da yarensu, "Ni hao, Mama."

Ƙarfe goma saura minti goma Alhaji ya sake kira, a hankali yake magana.

"Habu, sun zo." Ranar ce kaɗai ya kira ni da sunana. "Ta sama suna zuwa, ta ƙasa suna hawowa. Lungun da muka biyo ko allura ba ta faɗuwa. Inda nike zaune ɗazu, mutum bisa mutum."

"Hajiya fa?"

"Ta leƙa sau ɗaya ta katanga, ta koma ta zauna. Yanzu ga ta can ta karɓi zare da allura, wai gefen rigar wata amarya ya saki."

Awa biyar suka ƙara yi a barandar. Chen ya ba su shayin Sinawa da burodi, suka yi azahar a ɗakin da ake ajiye riguna. Ni kuma ina kan allo, ina kiran direba. A littafina akwai wata 'yar tazara da na auna tun tafiyata ta Agusta: wajen ƙarfe uku mutanen jirgi sun koma neman hanyar sauka zuwa jiragensu, masu kallon faɗuwar rana kuma ba su fara zuwa ba. Minti arba'in ne, wani lokaci bai kai ba. Na sa direba ya tsaya a bakin fili da ƙofa a buɗe, na ce wa Chen ya leƙa lungu ya gaya mini abin da ya gani. Ya ce ana iya ganin duwatsun ƙasa. Na ce su fito.

Ban ce su bar wayar a kunne ba, don haka minti goma sha biyu na yi ban san komai ba. Sannan ta yi ƙara. Hajiya Rabi ce, ina jin injin mota a bayanta.

"Malam, mun shiga mota. Da ƙafata na ratsa garin nan tun daga wancan kai har wannan, ban riƙe kowa ba."

"Alhamdulillahi, Hajiya. Numfashi fa?"

"Lafiya lau. Na ga garin da safe babu kowa, na gan shi da mutane, ya ishe ni." Ta ɗan tsaya. "Amma in ka ga masu ɗinka rigunan amaren nan a Guangzhou, ka gaya musu in ji ni, aikinsu bai yi ba. Uku na duba, duka ukun sai da na gyara."